Yadda Dikins Ya Kama Ni Da Laifi

Ranar da Baffana ya fara ganina da littafin labari na Turanci, ina zaune ne a zaure bayan sallar Lisha, na sa fitila gabana, ƙamus yana bisa cinyata. Ya tsaya a kaina, ya ce, "Wannan kuma wane fanni ne, lissafi ko dokoki?"

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, labari ne."

Ya ce, "Ya auku?"

Na ce, "A'a, wani Bature ne ya ƙaga shi."

Ya yi shiru, can ya ce, "Watau ka sauke Alƙur'ani, ka yi makarantar boko, ga ka da iyali, sa'an nan ka sayi kananzir da kuɗinka don ka karanta ƙaryar wani?" Ya kaɗa rigarsa ya shige gida.

Ban sami abin da zan ce masa ba a daren nan. Na daɗe ina neman amsa, har wani abin kunya ya same ni, shi ne ya ba ni ita. Labarin nan na ke so in ba ku, ku 'yan'uwana da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, domin na san yanzu da idonku ya buɗe, ba za ku rasa mai yi muku irin wannan tambaya ba in ya gan ku da littafin hira a hannu.

Ni aikina akawu ne a ofishin hakimi. Turancin da na fito da shi daga firamare bai wuce na cika takardu ba: suna, gari, kwanan wata, sa hannu. Wata rana tsohon malaminmu na firamare ya zo ofis neman wata takarda, ya tarar ina ta gumi a kan wasiƙa mai layi biyar. Ya ce, "Kai dai ka bar karatu. Harshe kamar rijiya ya ke, in ba a jan ruwa sai ta lalace." Kashegari ya aiko mini da wani ɗan littafi mai yagaggen bango, irin wanda a ke taƙaitawa a sauƙaƙa Turancinsa don 'yan makaranta. Sunan littafin Oliver Twist. A bisa bango an rubuta Charles Dickens, amma mu a bakinmu Dikins mu ke cewa, haka kuwa zan riƙa kiransa.

Na yanka wa kaina shafi biyu kowane dare. Kalmar da ban sani ba in duba ƙamus, in rubuta ta cikin wani ɗan littafi tare da ma'anarta da Hausa. Sannu ba ta hana zuwa. Wata uku na yi kafin in kai ƙarshe.

Labarin wani maraya ne, Oliba, wanda aka haifa a gidan gajiyayyu na hukuma, uwarsa ta mutu tun a ranar. Yaran gidan nan kunu tsararo a ke ba su, ɗan kwano guda. Da yunwa ta ishe su sai suka yi ƙuri'a, ta faɗa kan Oliba, ya tashi da kwanonsa ya roƙi ƙari. Manyan gidan suka ɗauki abin sai ka ce kisan kai ya yi. Suka kulle shi, suka manna takarda a ƙofa cewa duk mai so ya ɗauke musu shi za a haɗa masa da fam 5. Daga baya ya gudu zuwa Landan, ya faɗa hannun wani tsoho, Fegin, mai tara yara yana koya musu yankan aljihu.

Da na mayar da littafin, malamin ya tambaye ni abin da na fahimta. Na kwashe labari tun daga farko har ƙarshe na gaya masa, ina jiran yabo. Ya ce, "Wannan jin labari ka yi, ba ka fara nazari ba tukuna. Mai nazari tambaya uku ya ke yi. Wane ne ya rubuta? A wane zamani? Me kuma ya ke masa ciwo har ya ɗauki alƙalami?" Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar littafin wani ba sai na nemi tarihin mai shi.

Ga abin da na samu game da Dikins. An haife shi ran 7 ga Fabrairu, 1812, a Portsmouth, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Ubansa akawu ne kamata, a ofishin biyan albashin mayaƙan ruwa, mutum mai fara'a da son baƙi, amma hannunsa ba ya riƙe kuɗi. Cikin 1824 aka kama shi saboda bashin fam 40 da 'yan kai na wani mai gasa burodi. A zamanin nan a Ingila wanda ya kasa biyan bashi kurkuku a ke kai shi. Matarsa da ƙananan yara suka bi shi suka tare a kurkukun, wanda a ke kira Marshalsi, domin ba su da abin biyan haya. Shi kuwa Dikins, yana ɗan shekara 12, aka sa shi aiki a wani tsohon gini na bakin kogin Landan inda a ke yin baƙin man takalmi. Aikinsa ya ɗaure bakin kwalba ya manna mata takarda, awa 10 a yini, a kan sule 6 a mako, ɓeraye suna kai da kawowa ƙarƙashin daɓen katako. Bayan wata uku aka saki uban, amma yaron bai bar aikin nan da nan ba. Abin nan ya tsaya masa a rai har ya mutu. Ya ɓoye shi ƙwarai, mutane ƙalilan ne suka sani, cikinsu akwai amininsa John Forster, wanda ya bayyana wa duniya bayan mutuwarsa.

Yana da shekara 15 ya shiga aikin akawu a ofishin lauyoyi. Ya koyi gajeren rubutu irin na masu ɗaukar magana, ya zama mai kawo wa jaridu labarin muhawarar majalisa. Cikin 1836 ya fara fid da Pickwick Papers kashi kashi, kowane wata kashi ɗaya a kan sule guda. Wannan dabara ta sa talakan da ba shi da halin sayen babban littafi ya iya saye, waɗanda ba su iya karatu ba kuwa su kan taru a karanta musu, kamar yadda a ke yi da jarida a bakin kasuwa. Manyan labarai 15 ya rubuta, na ƙarshe bai gama ba ajali ya cim masa ran 9 ga Yuni, 1870, yana da shekara 58.

Game da zamani kuwa, cikin 1834 majalisar Ingila ta yi sabuwar dokar matalauta. Manufarta ita ce mai neman taimakon hukuma ya shiga gidan gajiyayyu, a kuma tsananta zaman gidan da gangan, har ya zama ba mai shiga sai wanda ya rasa yadda zai yi. A can a ke raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta. Shekara uku bayan haka, cikin 1837, Oliver Twist ya fara fitowa. Da na san wannan sai na sake karanta littafin, na ga ashe ƙara ce Dikins ya kai gaban jama'ar ƙasarsa. Lissafin hukuma ya kan ce mutum kaza sun sha kunu kaza, a rufe littafi. Shi kuwa ya ɗauko yaro guda, ya ba shi suna, ya sa masa kwano a hannu, ya tsai da shi gabanka.

Da mabuɗin nan na tambaya uku na shiga ɗakin sauran mawallafan Ingila, wasu na karanta taƙaitaccensu, wasu cikakke. Daniel Defoe ɗan kasuwa ne wanda ya sha karyewa. Cikin 1719 ya fid da Robinson Crusoe, labarin mutumin da jirgi ya kife da shi, ya yi shekara 28 a tsibiri yana ƙidayar kayansa kamar mai kanti. Jane Austen 'yar wani malamin coci ce, ba ta yi aure ba, da ubanta ya mutu cikin 1805 ita da uwarta da 'yar'uwarta suka koma hannun 'yan'uwanta maza. Cikin 1813 ta fid da Pride and Prejudice, labarin mai 'ya'ya mata biyar wanda sharaɗin gadon gidansu ya ce in ya mutu gida da gona na wani danginsa namiji ne. In ka san haka ba za ka yi wa uwar 'yan matan dariya da yawa ba don ba ta da magana sai ta aure. George Eliot mace ce, sunanta na yanka Mary Ann Evans, ta ɓuya bayan sunan maza don a ɗauki aikinta da daraja. Ita ta rubuta Silas Marner cikin 1861, labarin masaƙi marowaci wanda aka sace wa zinariya, aka musanya masa da 'yar tsintuwa. Thomas Hardy ɗan magini ne, mutumin ƙauye. Cikin 1886 ya fid da The Mayor of Casterbridge, inda wani ya bugu da giya ya sayar da matarsa a kasuwa, ya tuba ya zama babban mutum, amma abin da ya shuka ya biyo shi har gida. Kowanne ka duba cikinsu, abin da ya sani ya rubuta.

To, ga abin kunyar da na ce zan gaya muku.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, wata tsohuwa ta zo ofishinmu daga wani ƙauye mai nisan mil 9. Ɗanta ya jinginar da gonarsu, daga baya ya fanshe ta gaban dagaci, aka rubuta a littafin ofis, sa'an nan ya rasu ya bar mata jikoki uku. Wanda aka jinginar wa ya ce shi bai san an fansa ba, ba kuwa za ta sa fartanya a gonar ba sai ta kawo takarda. Abin da ta ke bukata kwafi ne kawai daga tsohon littafi, hakimi ya sa hannu.

Ran da ta fara zuwa ina cikin haɗa lissafin ƙarshen wata. Na ce, "Iya, je ki ki dawo gobe." Ta dawo, na ce mai riƙe da mabuɗin kabad ya fita. Ta sake dawowa, na tura ta wurin abokin aikina, shi kuma ya ce wannan ba aikin teburinsa ba ne, ya maido mini da ita, na ce ta bari sai bayan kasuwa. Ban zage ta ba, ban nemi ko sisin kwabo gare ta ba. Ƙyuya ce kawai ta hana ni tashi in kakkaɓe ƙurar tsofaffin littattafai. Kullum ta kan durƙusa bakin ƙofa ta ce, "To, Malam, Allah Ya kai mu." Sau huɗu ta yi tafiyar nan da ƙafa, mil 9 zuwa, mil 9 komawa. Daga na huɗun ba ta sake zuwa ba, ni kuwa ko lura ban yi ba.

A kwanakin nan ina fama da Little Dorrit, cikakkensa, wanda ya fito kashi kashi daga 1855 zuwa 1857. Labarin yarinya ce da aka haifa a kurkukun nan na Marshalsi, inda ubanta ya yi fiye da shekara 20 saboda bashi. Wani mutumin kirki, Kilenam, ya yi niyyar binciko waɗanda ke bin tsohon, ko a sami hanyar fid da shi. Binciken ya kai shi wani babban ofishin gwamnati wanda Dikins ya ƙaga, ya ba shi sunan da in an juya shi da Hausa sai a ce Ofishin Kewaye-kewaye. Gwanintar ma'aikatansa ɗaya ce, watau sanin hanyar da za a bi kada a yi abu. In ka zo da bukata a tura ka wancan ɗaki, can a ba ka takarda ka cika, a ce ka kai wani sashe, can a ce ka rubuto, in ka rubuto a ce ana dubawa, har ka gaji ka bari. Dangi ɗaya ne suka mamaye ofishin, ya kuwa sa musu sunan wata 'yar halittar teku mai manne wa gindin jirgin ruwa, kamar yadda kaska ke manne wa saniya. Cikin fushi Dikins ya rubuta wannan, domin a yaƙin Kirimiya, wanda Ingila ta shiga cikin 1854, sojojinta da sanyi da cuta suka kashe sun fi waɗanda harsashi ya kashe, alhali kayan da za su taimake su sun maƙale tsakanin wannan ofis da wancan.

Daren da na kai babi na 10, inda a ke wannan bayani, sai na yi ta dariya ni kaɗai a zaure. Ina cewa a raina, lalle wannan wane ne, wancan kuma wane ne, ina rarraba wa abokan aikina da manyanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina cikin haka sai na iso inda wani saurayi ma'aikaci, mai fara'a da ladabi, ya tarbi Kilenam. Bai ɓata masa rai ba, ya ba shi takardu ya je ya cika, ya kuwa sani sarai ba abin da za su haifar. Nan dariyata ta tsaya. Ban ga fuskar kowa ba sai tawa, ban kuwa ji muryar kowa ba sai ta tsohuwar nan tana cewa Allah Ya kai mu. Na ƙidaya kwanaki, na ga an fi wata guda rabona da ita. Na rufe littafin. A daren nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina kwance ina jin sa bisa rufi, barci ya ƙi zuwa.

Da gari ya waye na riga kowa zuwa ofis. Na karɓi mabuɗi, na sauko da littattafan. Wallahi ban yi rabin awa ba na sami wurin, ga sunan ɗanta, ga na shaidu, ga sa hannun dagaci. Na kwafa, hakimi ya sa hannu kafin azahar. Da aka tashi aiki na hau keke na nufi ƙauyen.

Tun daga hanya na ga geron mutane ya kai gwiwa, ana ta maimai. Gonarta kaɗai ke nan kwance cikin ciyawa. Na tarar da ita a ɗaki, ƙafafunta sun kumbura tun tafiyar ƙarshe. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata takardar. Ta juya ta, ta sake juyawa, domin ba ta iya karatu ba, sa'an nan ta ce, "Ɗan nan, kai da kanka? Allah Ya yi maka albarka, Ya raya maka zuriya." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Gona ta komo hannunta, amma lokacin gero ya wuce, wake kaɗai suka samu suka jefa. Da kaka na aika mata da buhu biyu na gero daga albashina. Na sani buhu biyu ba su biyan damina.

Da na komo na sami Baffa a zaure, na gaya masa duka ban rage kome ba. Ya daɗe yana jan carbi, sa'an nan ya ce, "Tun kana allo ka san zalunci haramun ne. Me ya hana ka gane wannan zalunci ne?"

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni a wurina azzalumi shi ne mai ƙwace da duka. Ban taɓa zaton mai cewa je ki ki dawo yana cikinsu ba, sai da aka nuna mini halina a jikin wani."

Ya ce, "To, in haka ne misali aka buga maka. Maƙaryaci shi ne mai son ka gaskata abin da babu. Wanda ya ce maka ga labari na ƙaga, bai ruɗe ka ba. Ai Muƙamar Hariri da mu ke karantarwa a zauren nan, da Abu Zaidu da dabarunsa, ba wanda ya taɓa cewa hadisi ne." Ya miƙe zai shiga gida, sai ya waiwayo ya ce, "Amma ka kula. Mai buga misali mutum ne, yana daidai yana kuskure."

Ban daɗe ba na ga gaskiyar wannan gargaɗi. Cikin Bleak House, wanda ya fito daga 1852 zuwa 1853, akwai wata mace, Uwargida Jelibi, wadda ta bar gidanta kaca-kaca, 'ya'yanta cikin dauɗa suna faɗowa daga matakala, ita kuwa tana ta rubuta wasiƙu dare da rana don a kafa gonar gahawa a wani gari na ƙage a bakin Kwara. Kwara dai tamu, wadda ta haɗu da Binuwai a Lakwaja. Na nemi asalin abin. Ashe cikin 1841 Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku su hau Kwara, da niyyar kashe cinikin bayi da kafa gonar gwaji kusa da mahaɗar kogunan nan biyu. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa cikinsu, aikin ya watse. Abin da Dikins ya ke nufi da matar nan yana da gaskiya, watau kada ka hango na nesa ka tsallake na gindinka. Amma mutanen bakin Kwara fa? Ba ko ɗaya da ya ba suna ko fuska. Sarkinsu ne aka ambata can wajen ƙarshe, wai yana so ya sayar da baƙin ya sami barasa. Cikin 1848 Dikins ya yi sharhi a jarida a kan tafiyar jiragen nan, cikin 1853 kuma ya rubuta wata maƙala a mujallarsa sa'ad da aka kawo mutanen Zulu ana nuna su a Landan. Duka biyu cike su ke da raini ga baƙar fata, har ba na son maimaita kalmominsa.

Abin ya yi mini zafi, kamar ka ji aminin da ka ke yabo yana zagin gidanku a bayan idonka. Na yi wata biyu ban taɓa littafinsa ba. Daga baya na koma ga tambayoyin nan uku, su ne suka warware mini. Dikins ya san yunwar yaron Landan domin ya ji ta a cikinsa. Ya san kurkukun bashi domin ya sha zuwa wurin ubansa a ciki. Ya san akawu domin ya zauna a kujerarsa. Afirka kuwa bai taɓa taka ta ba, a littattafan matafiya ya ji labarinta, ya ɗora da abin da mutanen zamaninsa su ke faɗi. Inda ƙafarsa ta taka ba wanda ya fi shi gani, inda ba ta taka ba kuwa lalube ya ke yi. Ban ce wannan ya wanke shi ba, domin mai lalube kamata ya yi ya rage murya. Ya kuwa san a kan yi masa gyara ya karɓa. Cikin 1863 wata Bayahudiya, Eliza Davis, ta rubuta masa cewa ya zalunci mutanenta da ya yi ta kiran Fegin Bayahude. Da farko ya kare kansa, daga baya ya rage kalmar a wani sabon bugu, ya kuma sa Bayahude mutumin kirki cikin littafinsa na gaba. Ita tana kusa, ta iya rubutu, ta rubuta. Ku riƙe wannan, ku da kuka koyi riƙon alƙalami da girmanku.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Cikin 1933 aka yi gasar ƙaga labari da Hausa a Zariya, a hannun Rupert East, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ku duba Shaihu Umar. Labarin bauta ne daga bakin wanda aka sace yana yaro, da uwar da ta bi sawunsa har ƙetaren hamada. Mutanen da Dikins ya bari ba suna, ɗan ƙasa ya ba su suna, ya ba su uwa.

Saboda haka, 'yan'uwana, ga shawarata. Kada karatunku ya tsaya ga rasit da wasiƙa. Ku fara da labaran Hausa, ku karanta wa iyalinku da dare. Wanda Allah Ya ba ikon ɗorawa da Turanci ya nemi taƙaitattun littattafan nan, ya yanka wa kansa shafi biyu, kada ya ji kunyar ƙamus. Kowane littafi kuka ɗauka ku yi masa tambayoyin malamina guda uku. Ku lura da inda mawallafi ya ke faɗin abin da ya gani, da inda ya ke faɗin abin da ya ji, ku sheƙe ku ɗauki tsaba ku bar ƙaiƙayi. Ni kuma na ƙara muku tambaya ta huɗu, wadda tsohuwar nan ta biya mini kuɗin koyonta da daminarta guda: ni wane ne cikin labarin nan? Kada ku yi gaggawar ba maƙwabci rigar mugu, ku fara gwada ta a jikinku.

Har yau in mutum ya tsaya bakin teburina, bakina ya ɗauko gobe, sai in tuna da mil 9. Yawanci in tashi in duba masa. Wani lokaci kuwa ƙyuya ta kan rinjaye ni, domin littafi ba ya sake halin mutum dare ɗaya. Amma ban ƙara faɗin kalmar nan ban san nauyinta ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya nuna mana laifinmu tun muna da sauran damar gyarawa, amin.